Zauren Harshe: Tsakanin Taushi da Laƙwas

 Kalmarmu ta wannan fitowa daga Ingilishi ta zo, wato limply. Mun ɗauko ta ne domin 'ya'yanmu masu karatu a Kamba ko Birnin Kebbi suna cin karo da ita, kuma sau da yawa sukan fassara ta da “cikin taushi”, alhali kuwa ba nan ta dosa ba.

A nahawu, kalmar bayanau ce. Tushenta limp, aka liƙa masa -ly, kamar yadda Faransanci ke liƙa -ment ya samar da mollement. Tana nuna yadda abu ya kwanta ko ya rataya bayan ƙarfinsa ya tafi: tuta ranar da babu iska, ganyen albasar da ya yini cikin rana a kasuwar Malanville, ko hannun mai barci. Tushen yana kuma nufin ɗingishi, amma bayanau ɗin bai ɗauki wannan ma'ana ba.

Hausa kuwa da amsa-kama take wannan aiki, kowace da muhallinta. Mangwaro ya nuna luɓus, igiya an ɗaure ta sako-sako, jikin marar lafiya ya yi laƙwas. Ta ƙarshen ce ta fi dacewa da limply. Taushi abin so ne, a gurasa ko a hali. Laƙwas kuwa alama ce ta ƙarfin da ya kamata a samu amma babu shi.

Amfanin bambancin yana fitowa ne a asibiti, inda uwa ke bayani da Hausa ko Dendi, ma'aikaci yana rubutawa da Faransanci. In ta ce yaro “ya yi laushi”, ana iya ɗauka gajiya ce. In ta ce ya yi laƙwas, ba ya kama nono, ba ya farkawa sosai, to ta ambaci alamun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin masu haɗari, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya kawo su ko gudawa. Haka nan ƙafa ko hannun yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ya saki farat ɗaya, shi likitoci ke kira paralysie flasque aiguë, kuma wajibi ne a bincika ko shan inna ce. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka ran 25 ga Agusta 2020, amma sa ido bai ƙare ba.

Saboda haka, iyaye, mu koya wa kanmu da yaranmu kiran abu da sunansa. Yaron da ya yi laƙwas ba a jira da shi gari ya waye. Allah Ya ba mu lafiya, sai fitowa ta gaba.