Tsoffin Gangunan da ke Sito: Dakata Kafin Ki Kira Ɗan Gwangwan

Yau maganarmu ta sito ce. A shekarun 1960 da 1970 akwai makaɗan zamani a otal-otal da kulob-kulob na Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano, ga kuma 'yan badujala na soja da 'yan sanda. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kayan kiɗansu na nan jibge a gidajen 'ya'ya da jikoki. Kin san irinsu: babbar ganga da ake bugawa da ƙafa, ƙanana biyu ko uku, wata mai wayoyi a ƙasanta, sai faya-fayen tagulla. Ranar da kika gaji da su, ɗan gwangwan zai ɗora a sikeli ya biya ki kuɗin ƙarfe.

Kafin ki taɓa komai, bari ma'aikaciyar jinya ta yi magana. Ganga da ta shekara ashirin a ajiye gidan ɓera ce, kuma ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. Sa safar hannu da takunkumi, a fito da kayan waje cikin inuwa, yara su yi nisa. Kada ki kakkaɓe ƙurar a bushe, goge da tsumma mai ɗan laima. Idan ƙarfe mai tsatsa ya yanke ki, wanke da sabulu ki je a duba batun allurar tetanus.

Sai ki nemi ɗan ƙaramin ƙarfe da aka manna a jikin kowace ganga, galibi kewaye da hudar iska. Nan sunan kamfani yake. Sunan da ke rubuce a fata ba abin dogaro ba ne, don fata ana sauya ta. Premier na Ingila ne, an kafa shi a 1922. Ludwig da Gretsch da Rogers da Slingerland na Amurka ne, kuma su masu tara tsoffin kaya suka fi nema. A Ludwig, alama mai launin shuɗi da kore tana nuna daga wajen 1969 zuwa gaba, ta kafin nan kuwa mai ruwan zinare ce. Haska cikin gangar da fitilar waya, don wasu na shekarun 1960 an buga musu kwanan wata da tawada a jikin katakon.

Faya-fayen nan su suka fi ba ni tausayi, domin su ɗan gwangwan ya fi so. Masu kyau tagulla ce, kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 kuza. Karkata faifan a haske, za ki ga rubutu siriri da aka buga a jikin ƙarfen. Idan kin ga K. Zildjian tare da Istanbul ko Constantinople, ajiye shi a ɗakinki. Irin waɗannan da hannu aka ƙera su a Turkiyya, kuma guda ɗaya mai lafiya zai iya fin sauran kayan duka tsada. Don Allah kada ki dirje shi da toka ko sosan ƙarfe kamar tukunya. Duhun da ya yi, mai saye yana son sa a haka. Haka nan gangunan: sabon fenti, ko sabuwar huda da kafinta zai yi, suna karya farashi nan take.

Kada kuma mu ɗora wa kanmu buri. Gangunan Ludwig na Ringo Starr, makaɗin Beatles, an sayar da su sama da dala miliyan 2 a 2015, amma sunan mai su aka saya. Yawancin abin da ke sitocinmu masu araha ne na Japan, wasu ko suna ba su da shi, wasu gara ta gama da su. Don ki san matsayin naki, ɗauki hoton alamar da lambar da ke jikinta, ki auna faɗin kowace ganga da inci, ki duba a eBay ko Reverb. Farashin da aka riga aka sayar za ki duba, mai talla kowane kuɗi yana iya rubutawa. Ki kuma cire kuɗin aikawa ƙasar waje, wanda ba kaɗan ba ne.

Idan kayan na mamaci ne, gado ne, wataƙila har da haƙƙin marayu a ciki. A sanar da magada, a rubuta abin da aka samu kafin a yi ciniki. Ko da katakon ya ruɓe, tattara kusoshi da ƙarafunan ɗaure fata da matakin ƙafa a jaka ɗaya, domin masu gyaran tsoffin ganguna suna sayensu ɗai-ɗai.