A Koya wa Ɗalibai Sanin Mazantaka

Tun shekarar 2011 da Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma, 'ya'yan ƙasar Katsina suka sami ilmi mai zurfi a bakin ƙofa. Cikin fannonin da ake karantarwa can har da ilmin zaman jama'a. To, akwai wani reshe nasa wanda muke roƙon shugabannin jami'ar su ba shi ƙarfi, watau binciken al'amarin maza: yadda ake goyon yaro har ya zama magidanci, da abin da jama'a ke nema gare shi, da abin da kan auku in ya kasa.

Mun san wasu za su ce, "Af! Namiji ma sai an koya masa zama namiji?" Wasu kuwa za su zaci dabarar Turawa ce ta ɓata tarbiyya. Ba mu ga laifinsu ba, gama yawancin littattafan fannin daga waje suka zo, kamar na Connell na ƙasar Ostareliya, wanda ya fito a 1995. Amma duk wanda ya dubi ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ya san maganar tamu ce.

A da hanya a share take. Yaro yakan yi noma cikin gandun ubansa, uban ya biya masa haraji, ya yanka masa gayauna, ya yi masa auren fari, in lokaci ya yi ya ware ya zama maigida. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, ta nuna cikin littafinta na 1972 cewa tun a zamanin ɗan talaka ne kan riga barin gandu. Yau fa? Gona ta ƙaranta, magada sun yi yawa, lefe ya yi tsada, ga 'yan bindiga da suka hana noman nesa da gari a shekarun nan. Sai saurayi ya kai talatin ba gona ba mata, amma gori yana nan yadda yake: a ce masa rago. Wani ya tafi ci-rani Ikko, wani ya hau acaɓa, wani ya faɗa shaye-shaye, wani kuwa ya shiga daji, a ganinsa bindiga ita ce mazantaka. Waɗanda suka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar nan a watan Oktoba na 2023 ai ba daga sama suka faɗo ba, a gidaje aka haife su.

Abin da muke gudu shi ne a tara ɗalibai su haddace sunayen Turawa, su ci jarrabawa, shi ke nan. A fara da abin da ke hannu. Kirk-Greene, wanda ya taɓa aikin mulki a Adamawa, ya tsara halayen mutumin kirki wurin Hausawa a 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya, kuma abin lura, ƙarfin damtse ba ya ciki. Daga nan a tura ɗalibai kasuwar Kurfi, da wurin masuntan Zobe, da dandalin dambe, su tambayi dattijo da saurayi mene ne namiji, su gwada amsoshin. Kada kuma a manta da mata, don su suka fi kowa sanin inda maigida ke gazawa.

Ku malaman makaranta, da masu koyon malanta a Kwalejin Isa Kaita, a hannunku yaran nan ke wuni. Ku kuma akawunan ƙananan hukumomi da na kotuna, takardun rabon gado da na mutuwar aure suna wurinku. In ɗalibi ya zo da takardar izini daga jami'a, a sakaya sunayen mutane, a bar shi ya ƙidaya.