Kafin Iskar Damina Ta Yanke Hukunci

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu ba mu samu gado a hostel ba, haya muke yi a unguwannin da ke kewaye da makaranta. A irin gidajen nan da wuya ka rasa dogon yaro ko mangwaron maƙwabta da reshensa ya leƙo kan kwanon ɗaki, saiwarsa kuma tana tsaga katanga a hankali. Da rani kowa na shan inuwa, ba mai cewa uffan. Hadarin farko na tasowa da iska, sai rigima ta tashi: mai gidan haya ya ce bishiyar ba tasa ba ce, maƙwabci ya ce tun zamanin kakansa take nan. Su biyun kowa na barcinsa lafiya lau. Wanda ke kwance ƙarƙashin reshen da kwamfutarsa da takardun furojet ɗinsa, ɗalibi ne.

Ni a ganina, wannan rigimar da rani ya kamata a kashe ta, da takarda da shaidu, ba da gatari cikin fushi ba.

Mu duba abin da doka ta ce. Kotunanmu sun gaji dokar Ingila a kan cutar da maƙwabci. A shari'ar Lemmon da Webb ta 1894, kotu mafi girma a Ingila ta ce mutum na iya sare reshen da ya ƙetaro cikin filinsa, muddin bai taka filin mai bishiyar ba. Amma iyakarka kan iyaka. Reshen da ka sare da 'ya'yan da ke jikinsa na mai bishiya ne, don haka masu kwaɗayin mangwaro a kiyaye! Idan kuwa ka haura katanga ka sare bishiyar daga tushe, kai ne za ka amsa tuhumar shiga gida ba izini da ɓarnata dukiya a ƙarƙashin Penal Code. Ka fito da gaskiyarka, ka ƙare a ofishin 'yan sanda.

Shi ma mai bishiyar doka ba ta ƙyale shi ba. Idan ya san tana da haɗari, ko ya kamata a ce ya sani, ya naɗe hannu har ta yi ɓarna, ana iya sa shi biyan diyya. A kotunan shari'ar Musulunci ma ƙa'idar ita ce a kawar da cuta daga maƙwabci. Kun ga ke nan, yawanci maganar tana komawa kan tambaya guda: an sanar da shi? "Ai na faɗa masa a bakin ƙofa" ba hujja ba ce mai ƙarfi a gaban alƙali.

Saboda haka, ka ɗauki hoton reshen da tsagar bangon da wayarka. Ka rubuta wa mai gidanku takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafi. Shi zai tunkari maƙwabci, in ya so a je gaban mai unguwa. Idan abin ya faskara, akwai cibiyoyin sasanci na kotu, irin wadda Legas ta buɗe a 2002, akwai su kuma a Kano da Abuja. Cikakkiyar shari'a kuwa, wallahi kana iya gama ND ɗinka ana ta ɗage zama.

Wani zai ce to a sare su duka mana a huta. Haba! Duk wanda ya taɓa karatun jarrabawa a watan Afrilu ba wuta ya san darajar inuwa, ga hamada tana matso mu. Sau da yawa sassabe reshe biyu ko uku ya wadatar.

Kirana ga shugabannin ƙungiyarmu, musamman ofishin walwala: a haɗa kai da ɗaliban sashen gine-gine da na kula da gidaje, a zaga gidajen hayar ɗalibai kafin watan Mayu, a rubuta bishiyoyin da ke barazana, a kai wa masu gidaje da masu unguwa a rubuce da sunan ƙungiya. Takardar ɗalibi ɗaya ana iya jefar da ita, amma mai gidan haya ba zai so ya ɓata da ƙungiyar da ke cika masa ɗakuna duk shekara ba.