Waya kaɗai ba za ta kai ɗalibin jami'ar intanet ga digiri ba



A 'yan watannin nan iyaye da dama daga Kubwa, Dei-Dei, Gwagwa da Nyanya sun tuntuɓi ofishin ƙungiya kan 'ya'yansu da ke son karatu ta intanet, musamman fannin ilimin halayyar ɗan Adam. Tambayar kusan ɗaya ce: tunda yaro yana da babbar waya, me kuma ya rage? Amsarmu ita ce saura da yawa, kuma gara a sani tun kafin a biya kuɗin rajista.

Ba ma raina sha'awar yaran nan. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma duk wanda ya zaga unguwanninmu da dare ya san ba labarin nesa ba ne. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Muna buƙatar namu masana, masu jin Hausa, waɗanda uwa za ta iya zama gabansu ta faɗi damuwar ɗanta ba tare da tafinta ba.

Ƙofar ma tana kusa da mu. Hedikwatar jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, tana nan Jabi. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Masu karatun fannin koyarwa a cikinta suna ɗaukar darussan halayyar ɗan Adam. Amma wanda yake son cikakken digiri a fannin, ya fara tabbatar da cewa jami'ar da ya zaɓa tana bayar da shi kuma hukumar NUC ta amince da kwas ɗin, kada a yi shekara huɗu ana shuka dusa.

Yanzu batun kaya. Waya tana da amfani wajen sauraron lacca da duba sanarwa a zauren WhatsApp na 'yan aji. Sai dai littattafan kwas suna zuwa ne a matsayin fayil mai ɗaruruwan shafuka, kuma karanta su a kan allon da bai wuce tafin hannu ba azaba ce ga ido. Mafi muhimmanci, mutane da yawa ba su san cewa wannan fanni cike yake da lissafi ba. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, ilimin ya tsaya ne a kan aunawa da ƙididdiga. Ɗalibi zai raba takardun tambayoyi, ya tattara amsoshi, ya shigar da su manhaja irin SPSS ya fitar da sakamako. Akwai JASP da jamovi waɗanda kyauta ne, amma aikin na kwamfuta ne. Saboda haka laftop dole ce. Ba sai sabuwa dal ba. Ta hannu mai lafiya ta wadatar, irin wadda ake samu a Banex da ke Wuse 2. Shawararmu dai a tafi da wanda ya san kan abin, a gwada batir a wurin, domin a garin nan ƙarfin batir ya fi kyan jiki daraja.

Wannan ya kawo mu ga wuta da data, inda a ganinmu nan ne gizo ke saƙar. A NOUN aikin gida da ake kira TMA ta intanet ake yinsa, yana da maki 30 cikin 100, kuma yana da ranar rufewa. Na'ura ba ta jin uzurin cewa an ɗauke wuta kwana uku. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100, man janareta kuwa kowa ya san inda ya kai tun cire tallafi a Mayun 2023. Uban da ya lissafa kuɗin makaranta bai lissafa na data da caji ba, rabin lissafi ya yi. A ƙara da layi biyu na kamfanoni daban, abin sawa a kunne, filas na ajiye aiki, da kuɗin mota, domin jarrabawa a cibiyar karatu ake zuwa a rubuta ta.

Akwai kuma abin da ba a sayarwa a kasuwa, wato wurin zama shiru. Yawancinmu ɗaki ɗaya ko biyu muke haya. Matar aure da ta yi rajista, ga girki ga yara, in maigida bai ware mata sa'o'i biyu a rana ba, laftop ɗin ado za ta zama. Wannan magana ce tsakaninmu maza, kuma mun san wasu ba za su ji daɗinta ba.

Wasu dattawanmu sun ce wannan nauyin iyaye ne, ba na ƙungiya ba, asusunmu na jinya da rasuwa ne. Muna girmama wannan ra'ayi, kuma ba mu ce a taɓa kuɗin jinya ba. Amma abin da gida ɗaya ba zai iya ba, gida hamsin za su iya. Abin da muke kashewa a kan rumfa, kujeru da lemo a taro guda zai rage hanya sosai wajen sa sola a ɗakin ofishinmu da ke kulle mafi yawan mako, a ajiye laftop uku ko huɗu, na'urar intanet ɗaya da firinta. A tsara lokaci, mata da safe, maza da yamma, a sa mai kula da rajista.

Za mu gabatar da wannan shawara a taron wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Duk mai ɗa, ƙani ko mata da ke karatu ta intanet ya kawo sunan ɗalibin da kwas ɗinsa ofis kafin ranar, domin mu san yawan kujerun da za mu nema. Wanda kuma yake da tsohuwar laftop a ajiye, ko da batirinta ya mutu, ya kawo a duba.

Sakataren ƙungiya