Direbobin da Ba Su da Ido

Zuwa ga Edita,

Makon nan maganata a kan tseren mota na kwamfuta take, wanda samari kan biya kuɗi su yi a shagunan wasa.

Ku sani abokan tseren nan ba mutane ba ne. A cikin Gran Turismo, wanda ya fito a Japan a 1997, an shata wa motocin kwamfuta layi guda, suna binsa kamar raƙuman ayari. Kadan ka tare layin sai su banke ka su wuce, ko waiwaye babu. Jikin motar kuwa ko lotsawa ba ya yi. Grand Prix Legends na 1998, wanda ya kwaikwayi tseren shekarar 1967, ya fi shi gaskiya. Direbobinsa suna da gudu ƙwarai, in kuwa ka yi karo taya tana iya cirewa. Ashe shi ne bai yi kasuwa ba, wai ya cika wuya!

Waɗansu wasannin kuma lallashin yaro suke yi. In ya yi baya motocin su sassauta su jira shi, in ya wuce su a ƙara musu wuta.

Abin da ke damuna, yaron da ya saba da karo marar ciwo, da abokan tafiya masu jiransa, shi ne gobe zai ɗauki fasinja a babur bisa hanyar Jega zuwa Koko, tsakanin manyan motoci. Malaman makaranta, ƙaƙa kuka gani?

Ni ne naka,
Akawu, Mungadi, ƙasar Gwandu.