Jirgin Katako da Ƙyalle, da Wasan da Ke Jiran Marubuci

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarki Usman, jiragen sama uku na rundunar sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Sun baro Helwan, kusa da Alƙahira, tun 27 ga Oktoba, Arthur Coningham na jagorantarsu, suna tafe suna yada zango a Khartum da El Fasher da Fort Lamy don shan mai. Samfurin DH.9A ne, masu fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ƙashin jikinsu katako ne, aka lulluɓe shi da ƙyalle, aka ɗaure da wayoyi. Irin wannan jirgi ya daɗe da barin sararin sama, amma har yau yana tashi a kan teburan masu wani wasa da bai yi ƙarfi a ƙasar Hausa ba, ko da yake ya dace da ita.

Wasan kwaikwayon tebur ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya tashi da tatsuniya. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna. Ɗaya shi ne mai ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Bambancinsa da tatsuniya shi ne babu wanda ya san ƙarshen, har mai ba da labarin. In wani ya ce zai tsallake kogi ko zai yaudari ɗan doka, sai a jefa ɗan lido, abin da ya fito shi ne hukunci. Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson ne ya buɗe wannan fage a 1974. A 1981 kamfanin Chaosium ya fito da Call of Cthulhu, wanda ya kai masu wasa shekarun 1920, zamanin jiragen katako.

Jirgin da ya fi tsayawa a zuciyar Amurkawa daga wancan zamani shi ne Curtiss JN-4, wanda ake yi wa laƙabi da Jenny. Jirgin koyon tuƙi ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya, kujera biyu gaba da baya, malami da ɗalibi kowa da sandar tuƙinsa. Injinsa ƙarfin doki 90 ne, gudunsa bai cika wuce kilomita 120 a awa ba, man cikinsa kuma na kimanin awa 2 ne. Da yaƙi ya ƙare sai gwamnati ta zubar da dubbansu a kasuwa da araha, har Charles Lindbergh ya sayi ɗaya a 1923 kan dala 500. Takwaransa na Ingila shi ne Avro 504, wanda aka ƙera fiye da 8,000 lokacin yaƙin.

Abin da ya sa irin wannan jirgi ya zama dukiya ga mai shirya wasa shi ne rauninsa. Jirgin zamani yana kashe labari: a hau a Kano, a sauka a Jidda, babu abin faɗa a tsakani. Shi kuwa na katako dole ya sauko bayan 'yan awoyi, sau da yawa a inda bai yi niyya ba. Hazo yana ɓatar da shi, iska tana jujjuya shi, tsinin kututture yana yaga masa ƙyalle. Da zarar ya taɓa ƙasa, matuƙin da ke kallon mutane kamar tururuwa ya koma baƙo mai neman ruwa da masauki, ƙaddararsa tana hannun 'yan gari.

A nan ne wasannin da ake da su suka gaza. Fitaccen labarin Call of Cthulhu, wato Masks of Nyarlathotep na 1984, a shekarar 1925 aka kafa shi, shekarar da jiragen nan suka iso Kano, kuma yana ratsa Alƙahira da Kenya. Sai dai tafiyar daga New York take somawa, mutanen Afirka kuwa yawanci mutanen da ake tararwa ne a hanya. Ba abin mamaki ba ne, tunda H. P. Lovecraft, wanda aka gina wasan a kan ƙagaggun labaransa, sananne ne da ƙyamar baƙar fata. An riga an nuna cewa ana iya juya madubin: a 2017 Chris Spivey ya fitar da Harlem Unbound, inda baƙaƙen fatar Harlem ne jaruman. Marubucin Hausa yana da kayan aikin da ya fi wannan, bai dai taɓa su ba ne.

A ɗauki Kende, a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Kwara ke shigowa Najeriya, iyakar Binin kuma ba ta da nisa. A 1925 ana kiran wancan ƙetaren Dahomey, Faransa ke mulkinsa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta ja layin, ta raba Borgu gida biyu, Nikki ga Faransa, Bussa da Illo ga Ingila. Sai a ƙaga cewa wani Avro 504 ya ɓace cikin hazon hunturu, ya dira a wata fadama bayan gari, fiffike ya karye, matuƙi ya ji rauni, yana kuma ɗauke da jakar takardu da ba ya son kowa ya buɗe. Masu wasa ba matuƙin za su zama ba. Wani zai zama maƙeri, wata mai abinci da ke jin Dendi da Fulatanci, wani Basarke mai kwalekwale, wani malamin dagaci, wani fataken goro da ya san hanyoyin da babu su a taswirar Bature.

Daɗin abin shi ne kusan duk gyaran yana cikin ikon garin. Sandar fiffike aikin masassaƙi ce, ɗinkin ƙyalle na tela ne ko baduku, ƙarfen da ya lanƙwashe na maƙera. Injin Avro 504K irin mai juyawa ne gaba ɗayansa tare da farfela, kuma da man zurma ake shafe shi, zurmar nan da ke tsirowa a bayan gida babu mai kula ta. Fetur ne kaɗai sai an yi kwanaki ana ɗauko shi a kan jakuna, kwanakin nan kuwa su ne filin wasan.

Tambayar da za ta raba kan tebur ba ta gyara ba ce, ta ko ya kamata a gyara ce. Dattijon 1925 yana tune da abin da aka yi wa Satiru a 1906. Alhajin da ya dawo ta Sudan yana iya zuwa da labarin yadda jiragen Ingila suka yi wa mayaƙan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ruwan bama-bamai a Somaliya a 1920. A taimaki baƙo don haƙƙin baƙunci, ko a aika wa Joji a Birnin Kebbi, ko a sayar da labarin ga Faransawa a ƙetare, ko a buɗe jakar? Kowace hanya da farashinta. Ɗalibin da ya zauna awa uku yana auna wannan zai fahimci mulkin mallaka fiye da wanda ya haddace shekarun yarjejeniyoyi don jarrabawa.

Za a ce ɗan lido ƙanin caca ne, kuma malamai da dama suna ƙyamar wasa da shi ko babu kuɗi. Ƙorafi ne da bai kamata a yi wa dariya ba, amma bai taɓa zuciyar wasan ba. Abin da ake bukata hanya ce ta yanke abin da babu tabbas, kuma ana iya rubuta lambobi a guntayen takarda a zuba cikin hula a riƙa zara. Sauran kayan kuwa littafin rubutu ne, da fensir, da taswirar Kwara daga Lolo zuwa Yawuri, da wani mai haƙuri da zai zauna da tsofaffin Kende da Illo da Ka'oje ya tambaye su sunayen mashigai da tsoffin kasuwanni tun suna nan.