Hotunan handaut na cinye mana data, kuma gyaran ba wuya

Satin jarrabawar da ya wuce, wakilin ajinmu ya turo handaut shafi 60 a guruf, duk hotuna, kuma ya tura su a matsayin fayil don kada rubutun ya dusashe. Kowane hoto kusan MB 4. Ku lissafa, MB 240 kenan a kan kwas ɗaya. Ni wallahi datata ta ƙare a shafi na 40, wani abokina kuma wayarsa ta ce babu wuri. Gobe jarrabawa, kuɗin wata bai iso daga gida ba.

Ni dai ra'ayina, duk wanda ke raba wa aji takardu ya daina tura hoto yadda kyamara ta ɗauko shi. Takarda ba hoton biki ba ce. Idan aka rage tsawonta zuwa fiksel 1600, aka sauke ingancin JPEG zuwa wajen 75, nauyin na komawa ƙasa da rabin MB, kuma rubutu na karantuwa tsaf.

Za ku ce wa ke da lokacin matse hoto ɗaya-ɗaya? Ai ba sai ka yi da hannu ba. Ka buɗe folda biyu a laftof, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. Sai ka sa kwamfutar ta yi gadin ta farko: da zarar sabon hoto ya faɗo, ta matse shi ta ajiye a ta biyu. ImageMagick ne ke matsewar, kyauta ne. Masu Linux su haɗa shi da inotifywait, masu Windows ɗan rubutun PowerShell ya isa, masu Mac kuma suna da Automator. In ba ka iya ba, nemi ɗan kwamfuta sayans a hostel, aikin zama ɗaya ne.

Amma a kula da abu uku. Kada a mayar da matsattsen hoto cikin foldar da ake gadi, don kwamfuta za ta ɗauka sabo ne, ta yi ta matsa shi har ya lalace. A sa ta jira ɗan lokaci hoton ya gama kwafuwa, in ba haka ba rabi za ta kama. Na uku, abin da aka matse ba ya dawowa. Sakamakon WAEC, takardar JAMB, shaidar ƙaramar hukuma, ku adana na asali daban.

Na san wani zai ce WhatsApp ma yana rage hoto. Gaskiya ne, amma shi ke zaɓar maka, kuma ƙananan rubutu na lissafi su ke shan wahala.

Wakilan aji, don Allah ku tausaya. Ba kowa ke da babbar waya ba. Allah Ya ba mu sa'a.